Iyafis mara waya: na hagu yana mutuwa da wuri, laifin caja ne ko na batir?

Autan Gida:

Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar waya ku taimaka mini da bayani. Iyafis ne da ni irin na Bluetooth mai zuwa da ɗan akwatinsa, ya haura shekara a hannuna. Yanzu na dama yana kai kusan awa uku, na hagu kuwa ko awa ɗaya ba ya cikawa, wani lokacin ma in ciro shi daga akwatin in tarar bai ɗauki caji ba sam.

Da cajar wayata nake cajinsa, mai watt 33, kuma yawanci kwana yake a jone. An ce mini ita ce ta ci batirin, wai sai caja mai amfiya 1 ta dace da shi. Gaskiya ne? Sannan wannan dokar da ake faɗa ta kada batir ya yi ƙasa da kashi 20 ko ya wuce kashi 80, ta yaya ake bin ta a iyafis, tunda da zarar an mayar da shi akwati sai ya cika? Na ƙarshe, in na jona shi a fawa banki sai ta ɗauke bayan ɗan lokaci kaɗan. Na gode.

Mai Gyaran Waya:

Wa alaikumus salam. Malam Auta, kafin ka ɗora wa batir laifi, koma kan abin da ka faɗa da bakinka: wani lokacin ka ciro shi bai ɗauki caji ba sam. Tsohon batir ba ya yin haka. Shi halinsa ɗaya ne kullum, ya cika da wuri, ya ƙare da wuri. In ka ga yau lafiya gobe babu, to fara zargin wurin da iyafis ke haɗuwa da akwati.

Haska fitilar waya cikin ramin da na hagun yake zama. Za ka ga 'yan fil biyu masu launin zinare, wasu samfuran uku ne. Akwai sifirin a cikinsu, in ka danna su nutse, ka saki su dawo. A jikin iyafis ɗin kuma akwai 'yan ɗigon ƙarfe da suke sauka a kansu. Faɗin wurin bai kai milimita biyu ba, don haka ɗan maiƙon kunne da ƙurar hunturu sun isa su toshe hanyar wuta. Mafi muni shi ne gumi. Akwati yana ɗaga wutar batirinsa daga volt 3.7 zuwa kusan volt 5 ya tura ta kan fil ɗin nan, to in aka mayar da iyafis da danshin gumi mai gishiri, wutar da gishirin su suke cinye rufin zinaren, sai ka ga wurin ya yi kore ko baƙi. Haka ma wanda ya idar da alwala ya maƙala shi kunne bai bushe ba, sannan ya mayar akwati.

Ga yadda za ka wanke. Cire akwatin daga caji. Samu auduga mai tsinke da sifirit, in ka sami isopropyl da masu gyara ke amfani da shi ya fi, in babu na kemis ma ya wadatar. Ɗan jiƙa audugar kawai, kada ta riƙa ɗiga, kuma kada ka tsiyaya komai cikin ramin. Goge ɗigon jikin iyafis har ya yi ƙyalli, ka goge fil ɗin akwati, sannan ka bi gefensu da tsinken sakace na itace ko busasshen burushin haƙori. Ban da allura, ban da reza. Ƙarfe yana kankare rufin, wurin ya fara tsatsa, kuma in ya taɓa fil biyu lokaci guda zai iya ƙona IC ɗin akwatin, wato ɗan guntun da ke sarrafa caji. Da tsinken nan ka danna kowane fil ka gani ko yana dawowa. In ɗaya ya maƙale a ƙasa, ɗiga masa sifirit da bakin tsinken ka yi ta dannawa har ya saki. Bar su minti goma su sha iska.

Duba robar kunnen kuma. In an canza ta da wata wadda ta fi ta asali tsawo, ko ta zame ba ta zauna daidai ba, tana ɗage iyafis ɗin, maganaɗisu ya kama shi amma ƙarafan ba su haɗu ba. Cire robar ka saka shi haka nan, in fitila ta kama ka gano mai laifi.

Bayan wannan sai gwaji. Jona akwatin a wuta da iyafis biyun a ciki, rufe, bar shi awa biyu. Ciro su tare, kunna karatu ko waƙa da rabin ƙara, ka duba agogo. In na hagu ya kamo na dama, datti ne, magana ta ƙare. In ya nuna kashi 100 sannan cikin mintuna ya faɗo 60, daga nan ya mutu gaba ɗaya, to batirin ya gaji, kuma babu wankin da zai dawo da shi.

Abin da ya sa ɗaya ke riga ɗaya mutuwa ba ɓoyayye ba ne. Da yawa kunne ɗaya suke sakawa, musamman masu tuƙi da 'yan kasuwa, kuma kusan kullum kunne guda suka saba da shi. A wasu samfuran kuma makirufon gefe ɗaya ne ke aiki lokacin kira, a tsofaffin ƙira ma gefe ɗaya ne ke haɗuwa da waya sannan ya miƙa wa ɗan'uwansa sauti. In kana cikin masu kunne ɗaya, riƙa yi musu karɓa-karɓa.

Injiniya:

Oga Mai Gyara ya gama da ɓangaren datti, ni bari in ɗauki caja.

Ɗan'uwa, watt 33 da ke rubuce a jikin cajarka iyakar abin da za ta iya bayarwa ne, ba abin da take tilasta wa na'ura ta karɓa ba. Kamar randa ce da moɗa, komai girman randa cikin moɗa za ka ɗiba. Duk cajar kirki da volt 5 take farawa. Ba ta hawa volt 9 ko 11 ko 20 sai na'urar da aka jona ta nemi hakan ta cikin kebul, akwatin iyafis kuwa ba ya nema. Batirinsa yawanci tsakanin 300 ne da 600 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), abin da yake ja bai cika wuce watt 2 zuwa 3 ba. Don haka caja ta asali mai sauri ba ta cin batirin iyafis.

To me ya sa wasu takardun ke cewa a yi amfani da volt 5 amfiya 1? Saboda akwatuna masu araha ba su da kariya idan wuta ta yi yawa, masu ƙera su kuma sun san irin cajojin da ke yawo a kasuwa. Haɗarin yana wurin jabun kan caja, irin marasa nauyin nan da ake rubuta musu lambobi manya. Wutarsu ba ta tsayawa wuri ɗaya. In kana shakka, sa a gwada maka da ɗan mitan USB, ya kamata ya nuna tsakanin volt 4.75 da 5.25. Wadda ta yi zafi har ba ka iya riƙe ta, ko take sa fuskar waya ta riƙa danna kanta lokacin caji, rabu da ita.

Akwai wani abu da ke rikita mutane sosai. Ka jona akwati da kebul mai bakin USB-C a duka ɓangarorin, shiru, sai ka ɗauka ya lalace. Cajar USB-C ba ta sakin wuta sai ta ga rizisto biyu na 5.1 kilo-om a bakin na'urar, su ne shaidar cewa an jona abu. Wasu masu ƙera akwatuna masu araha ba sa saka su. Maganin kawai ka koma kebul mai babban bakin USB a ɗaya gefen, domin shi volt 5 ɗinsa a buɗe yake kullum.

Fawa bankinka ma lafiyarta ƙalau. An yi ta ne ta kashe kanta idan abin da ake ja ya yi ƙasa sosai, wajen miliamfiya 50 zuwa 100 gwargwadon samfuri, don ta ɗauka waya ta cika. Akwatin iyafis da ya kusa cika yana faɗawa ƙasa da wannan. Da yawansu suna da tsarin ƙaramar wuta, kamar na Xiaomi da wasu na Anker, ana danna maɓallin sau biyu ko a riƙe shi ɗan lokaci, fitila ta canza, ta ci gaba da bayarwa na tsawon awanni. Duba takardar taka. In ba ta da shi, jona waya a ɗaya bakin lokaci guda, sai ta ƙi ɗaukewa.

Ni ma fawa banki na fi ba da shawara ga mai amfani da janareta. Lokacin tada inji da lokacin da aka dawo da wutar NEPA su ne wuta ke zuwa da ƙarfi. Caja fawa bankin, ita kuma ta ba akwatin. Ko bakin USB na kwamfuta, shi ma ya isa.

Kwana a caji kuwa, IC yana yanke wuta in batir ya kai volt 4.2, ba zai yi ta ɗurawa har ya fashe ba. Sai dai babu amfanin awa takwas ga abin da ke cika cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma kana barin sa a soket duk dare ne ga duk abin da wuta ta ga dama ta yi. Jona shi bayan magariba, kafin ka kwanta ya cika.

Malamar Kimiyya:

Sannunku da ƙoƙari. Ƙanina, game da dokar 20 zuwa 80, tana da tushe, amma a iyafis rabinta kawai ke hannunka.

Batirin lithium yana tsufa ta hanya biyu. Ta farko yawan zagaye. Zagaye ɗaya shi ne a sha kashi 100 na cajin, ko a zama ɗaya ko a rarrabe, wato rabi yau rabi gobe zagaye ɗaya ke nan. Irin waɗannan batura ana sa ran zagaye 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsu ya sauko kusan kashi 80 na yadda suke suna sababbi. Batirin kowane kunne ɗan mitsitsi ne, yawanci 30 zuwa 60 mAh, alhali na waya 4,000 ne ko 5,000. Mai sauraro awa huɗu ko biyar a rana yana cinye zagaye guda kullum, ka ga zagaye 500 bai kai shekara ɗaya da rabi ba. Shi ya sa iyafis da ya yi shekara biyu zuwa uku ana mora, ya yi ƙoƙari, ko na wane kamfani ne.

Ta biyu ita ce zama a cike cikin zafi, kuma ita ta fi damun mu a nan. Idan batir yana cike a volt 4.2, ruwan sinadarin da ke cikinsa yana ruɓewa a hankali, yana yin wani ɓawo a jikin farantin ciki da ke cinye lithium ɗin da ya kamata ya ɗauki caji. Abin da ya tafi ta nan ba ya dawowa. Zafi ne ke hanzarta shi, ƙiyasin masana sinadarai shi ne duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin irin wannan aiki. Iyafis kuwa kusan duk rayuwarsa a cike yake, tunda akwati ba ya barin sa da yunwa. Apple ta sa wa iyafis ɗinta AirPods Pro da AirPods ƙarni na 3 tsarin da ke tsayar da caji a kashi 80 har sai lokacin da ka saba ɗauka ya matso. In naka yana da manhaja, shiga ka duba ko akwai irin wannan ka kunna. Yawancin masu araha ba su da shi.

Tunda ba ka da iko da saman, riƙe ƙasan da kuma zafin. Kada ka jira sai ya mutu a kunne, da ya yi ƙarar gargaɗi mayar da shi. Shi akwatin kuwa kana iya bin dokar a kansa: in fitilunsa huɗu ne, jona in saura ɗaya, cire in ta huɗu ta fara ƙyaftawa.

Iyakar cajin lithium digiri 0 ne zuwa 45, Apple ma digiri 35 ta sa a matsayin iyakar yanayin amfani da AirPods. A Sakkwato da Maiduguri zafin Afrilu yana haura 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana wuce 60. Saboda haka ban da gaban mota, ban da bakin taga, ban da kan dikoda ko talabijin, ban da ƙarƙashin matashi, kuma kada ka ɗora shi kan wayar da ke caji. In ka shigo daga rana akwatin da ɗumi, ajiye shi a ƙasan siminti ko tayil rabin awa kafin ka jona. A bazara da dare ko da asuba ya fi. Faifan caji mara waya na Qi yana ɓarar da wuta ta zama zafi, a watannin nan kebul ya fi masa. Kuma kada wani ya ce ka sa a firiji, raɓar da za ta taru a ciki in ka fito da shi ta fi zafin illa.

Maganar a yi wa sabon abu cajin awa takwas, ko a bari sai ya mutu kafin a jona, ta zamanin baturan nikel ce, irin wanda ya zo da Nokia 3310. Lithium ba ya buƙatar ko ɗaya.

Autan Gida:

Allah ya saka da alheri. Na wanke, fil ɗaya kuwa a maƙale yake, yanzu yana ɗaukar caji duk lokacin da na saka. Amma a gwajin na hagu bai kai rabin na dama ba. Ana canza batirin? Kuma tunda zama a cike ne ke cutar da shi, Malama, ba gara in riƙa ajiye su a wajen akwati ba?

Malamar Kimiyya:

A lissafin sinadarai kam batir ya fi son zama a rabi. In naka yana kashewa gaba ɗaya da dogon danni, kuma akwai inda za ka adana shi, babu laifi na kwana ɗaya ko biyu.

Injiniya:

A nan zan ɗan saɓa da Malama, da girmamawa. Iyafis da yawa ba su da kashewa ta gaskiya, ko sun yi shiru suna shan wuta kaɗan-kaɗan, batirin 40 mAh kuma ba shi da rarar da zai jure. In ya zube ƙasa sosai ya daɗe a haka, jan ƙarfen da ke cikinsa yana fara narkewa, kuma IC na iya ƙin karɓar sa gaba ɗaya. Asarar zama a cike a hankali take zuwa, wannan kuwa lokaci ɗaya ce. Ga ɓata, ga ƙura, ga yara, abu ne mai batir da maganaɗisu da ya isa shiga bakin ƙaramin yaro. Bar su a akwati.

Abin lura shi ne kada akwatin kansa ya mutu. Samfura da yawa ta wutar fil suke gane cewa suna cikin gida. Da zarar cajin akwati ya ƙare sai su ɗauka an ciro su, su kunna kansu, su haɗu da waya daga cikin aljihu. Shi ne za ka ga kira ya shigo ba ka jin magana, ko waya ta yi shiru ba dalili, su kuma suna can suna zubar da ɗan abin da ya rage musu. Fil mai datti ma yana jawo haka.

Ga lissafin da zai nuna maka lafiyar akwati. Mai 400 mAh, in ka cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu da ke ɓacewa wajen ɗaga wuta, saura 300. Kunne biyu masu 40 kowanne 80 ke nan, wato cikawa uku zuwa huɗu. In ya koma ɗaya da rabi, batirinsa ne ya gaji, ko kuma murfin ba ya rufuwa da kyau, maganaɗisun da ke sanar da an rufe bai kai wurinsa ba.

In za ka yi tafiya ko ka ajiye shi na watanni, bar akwatin a kusan rabi, sa a durowa mai sanyi, kuma duk wata ɗaya ko biyu ka jona shi na minti ashirin.

Mai Gyaran Waya:

Madalla, ka rabu da matsala ɗaya, saura ta batir.

Canzawa ya danganta da samfuri. Na akwati shi ne mai sauƙi, ɗan batir ne mai waya biyu ko uku, in an sami mai girma ɗaya da volt ɗaya ana lanƙaya shi da dalma. Lura da volt ɗin, akwai na 3.7 da ke cika a 4.2, akwai na 3.8 da ke cika a 4.35, ba a musanya su da ka. Na kunne kuwa da gam aka rufe shi, sai an ɗumama an ɓamɓare, wayoyin ciki sirara ne ƙwarai, kuma bayan an mayar kariyar gumin nan ta IPX4 ba ta komawa yadda take. Wasu sun fi daɗin aiki, misali Sony WF-1000XM3 da ke amfani da batir mai siffar kwabo, lambarsa CP1254. AirPods kuwa masu iFixit, shafin koyar da gyaran na'urori, sifili cikin goma suka ba su wajen gyaruwa, sai an fasa kafin a kai ga batirin. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da za ta fara tilasta batir mai ciruwa a ƙananan na'urori daga Fabrairun 2027, wataƙila nan gaba abin ya yi sauƙi. A yanzu dai, in naka mai araha ne kuɗin aiki da na batir zai kusa kamo kuɗin sabo. In mai tsada ne, leƙa Farm Centre in kana Kano, ko kasuwar waya ta garinku, ka tambaya ko ana samun kunne ɗaya na samfurin, ko a canza batir biyun tare don su daidaita.

Kafin nan kana iya jan ɗan lokaci da shi. Kashe tsarin toshe hayaniya in ba ka cikin hayaniyar, kashe na wasan gem, tsaya a rabin ƙara, kuma ka sa na dama ya riƙa ɗaukar kira, domin kira ya fi sauraro cin wuta. A AirPods ƙarni na 2 sauraro awa 5 ne, magana awa 3. Sau ɗaya kuma ka bar su su mutu sannan ka cika su ba yankewa, wannan ba ya ƙara wa batir ƙarfi, lissafin kashin da waya ke nunawa kawai yake gyarawa.

In ka ga haɗin jikin iyafis ya fara buɗewa, ko murfin akwati ya daina rufuwa, ko yana zafi a kunne, ko kana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi, batirin ya kumbura. Daina saka shi, daina caji, kada ka matse shi ko ka huda. Sa shi a gwangwani mai yashi nesa da katifa da fetur, ka kai wa masu gyara. Kada ya shiga sharar gida, tunda a unguwanni da yawa ƙona bola ake yi, lithium kuma in ya ji wuta fashewa yake.

In ruwan sama ya jiƙa shi, kada ka mayar akwati kuma kada ka binne shi a shinkafa, garinta ne zai shiga ragar lasifikar. Cire robar, karkaɗe shi bakin yana kallon ƙasa, goge da busasshen ƙyalle, ka bar shi a inuwa gaban fanka yini guda kafin ƙarafansa su sake taɓa fil.